Gonar da Yaya Sabi'u ya ba makaranta

Bana shekara goma sha huɗu ke nan da muka kai Yaya Sabi'u makwancinsa. A da, idan watan ya zagayo, sadakar ƙosai nake yi, in yi masa addu'a, in ja bakina. Bana shirun ya gagara, domin an kira ni na ba da shaida a kan wata kyauta da ya yi, kuma tun daga ranar raina bai sake yin daɗi ba.

Yayana ne uwa ɗaya uba ɗaya, malamin firamare a ƙauyenmu da ke ƙasar Tsanyawa. Wanda bai san yankinmu ba da wuya ya gane nauyin abin da zan faɗa. Mu nan babu daji, babu saura. Inda gonar wani ta ƙare nan ta wani ta fara, layin gamba ne kawai a tsakani, kuma na ga 'yan'uwan da suka daina gaisawa a kan tushen gamba ɗaya. Duk rani mutum yana bayan jaki yana kai taki ɗan fegin da ya gada, don ƙasar ba ta taɓa hutawa.

Lokacin da gwamnati ta ce kowane yaro sai ya shiga makaranta, an ce za a ba mu firamare idan mun samar da fili. Aka yi ta zama a ƙofar dagaci, kowa na kallon na kusa da shi. Yaya yana sabon malami, kansa na hayaƙi, ya miƙe bayan sallar Juma'a ya ce ya ba da gonarsa ta gado, kyauta, don Allah. Haka ake yi a zamanin: ka faɗa a gaban jama'a, a taka iyaka, a dasa aguwa ta zama shinge, magana ta ƙare. Liman ya shaida, dagacin wancan lokaci ya shaida, da wasu dattawa, da ni. Ni ne ma na ɗauko dashen aguwar, ina tafe ina ƙunƙuni. Da labari ya isa gida Inna ta ce, "Sabi'u, 'ya'yanka alli za su ci?" Ya yi dariya ya ce, "Inna, 'ya'yana ba za su nemi gona ba, alƙalami ne zai riƙe su." Har cikin zuciyarsa ya yarda da hakan.

Da gayya aka ɗaga azuzuwan farko. Tarihi ne abin da ya fi so. Yakan kwashi ɗalibai ya kai su tsohon karofi da ke bayan gari, ya nuna musu ramukan rinin da suka cike da ƙasa, ya ce tufar da aka rina a nan ta ƙetare hamada a kan raƙuma. Ya ba su labarin daulolin baƙar fata da makarantunsu tun kafin Bature ya zo, yana yi yana zufa kamar mai noma.

Sai shekarun tsuke bakin aljihu suka zo. Albashi ya koma sai an ga dama. Abokan aikinsa suka watse, wasu kasuwa, wasu gonakinsu, shi kuwa ba shi da wadda zai koma. Mutumin da ya ba gari gona ya dawo yana aron kunyoyi a gefen tawa. Iska ta yaye rufin aji, aka zo aka duba, aka tafi. Yana dab da ritaya aka cusa tarihin nasa cikin wani darasi har ya ɓace. Ban taɓa jin ya ce ya yi nadama ba. Ni na yi masa, kuma na sha faɗa masa a fuska.

Babban ɗansa Nafi'u ya bi abin da uban ya tsara. Ya yi karatu har digiri, ya gama yawon ofisoshin Kano da takardunsa, ya dawo gida. Yau yana da mata da 'ya'ya huɗu, kuma ƙwadago yake yi a gonakin waɗanda ubansa ya koya wa ABCD. Makarantar tana nan, malami ɗaya ke leƙawa, bayan azuzuwa kuwa fili ne fetal, awaki ke kiwo. A tsakiyar ƙasar da ake faɗa a kan tushen gamba!

Da bazarar nan Nafi'u ya je wurin dagaci ya ce aro mahaifinsa ya bayar, a mayar masa da filin da ke bayan azuzuwa ya shuka. Duk waɗanda aka kafa shaidu a kan kyautar sun rasu, ni kaɗai na rage. Kafin ranar zaman ya zo ya same ni a zaure, ya durƙusa. "Baffa, ba ƙarya na ce ka yi ba. Ka ce ka manta. Shekarunka sun kai ka manta."

Wallahi na so in manta. Na san abin da ke cikin rumbunsa, domin daga nawa ake ɗiba. Amma da dagaci ya ce, "Alhaji, tsakaninka da Allah, aro ne ko kyauta?" sai na ji muryar Yaya a ƙofar masallaci tar a kunnena. Na ce kyauta ce. Nafi'u bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Na gode, Baffa. Shi ya bayar, kai ka tabbatar." Ya saka takalminsa ya tafi.

Ina yawan tambayar kaina me Yaya zai ce da yana raye. Zai yiwu ya dafa kafaɗata ya ce na riƙe amana. Zai kuma yiwu ya dubi ɗansa riƙe da fartanyar ƙwadago ya kawar da kai. Abin da na sani shi ne ya cika nasa alƙawarin. Waɗanda suka ce a kawo fili su kawo ilimi, a yi ilimin su kawo aiki, su ne suka karɓa suka juya baya, kuma babu dagacin da zai kira su.

To, me ya rage na Yaya Sabi'u? Akwai tsofaffin ɗalibansa da ke yi masa addu'a, ba na raina wannan. Filin ma yana nan, ko taku ɗaya ba a ci ba, ni na tsare shi. Sai dai tun makon da aka yi zaman nan Nafi'u ya cire 'ya'yansa daga makarantar. Da safe ina ganinsu suna ratsa ta cikin filin kakansu, kowanne da fartanya a kafaɗa, za su taya ubansu noman gonar wani. Idan sun hango ni sai su sunkuyar da kai su wuce.

Allah ya jiƙanka, Yaya, ya ba ka ladan kyautarka cikakke. Ni kuma ya yafe mini gaskiyar da na faɗa.