Buhun Mai Zabuwa

Har yau idan na bi ta gaban shagon nan na kusa da tashar Birnin Kudu, inda ake buga kati da sitika da allon talla, sai na kau da kai. Mai shagon ko a jikinsa. Ni ce dai raina ke tafasa, kuma rabin haushin na kaina nake ji.

Yayana manomi ne a Dingaya, sana'arsa sayar da irin wake. Shi yake nomawa, ya zauna ya tsince da hannu, ya zuba masa jan maganin ƙwari, ya ɗura a ƙananan buhuna masu cin tiya biyu, ya ɗinke baki. A jikin kowane buhu akwai hoton zabuwa. Wani tsohon mai fenti ne ya yanke masa siffarta a jikin gwangwani tun ina 'yar firamare, sai a ɗora a buhu a shafa baƙin fenti. Tsakani da Allah ba ta da kyau, ƙafa ɗaya ma ta fi ɗaya tsawo. A ƙasanta an rubuta sunan Yaya da ajami. Amma daga Gwaram har Fagam ba mai cewa a ba shi irin wake, cewa ake "a ba ni mai zabuwa." Tsohon da ba zai iya zuwa kasuwa ba, sai ya ba da sautu da wannan kalma kaɗai, ya kwantar da hankalinsa, don ya san abin da ya shuka zai fito. Wannan yardar ita ce jarin Yaya gaba ɗaya.

Ni kuwa malamar makaranta ce a Birnin Kudu. Na ga kayan kanti masu sheƙi, sai buhun Yaya ya fara ba ni kunya. Na yi ta yi masa mita, kullum zamani ya canza, zamani ya canza, har ya gaji ya ce in kai shi wurin masu yin na zamanin.

Mai shagon ya dawo daga Kano ke nan da kwamfutarsa da ƙaton tabarau. Ya ɗaga buhun da yatsu biyu, ya fashe da dariya.

"Hajiya, wannan kaza ce ko angulu?"

Ni ma na yi dariya. Wallahi na yi, a gaban yayana, kuma har gobe ban yafe wa kaina ba.

Nan take ya zana mana farin buhu mai koren ganye a tsakiya, da suna na Turanci da ƙananan haruffa. Yaya ya leƙa kwamfutar ya ce, "To, Malam, zabuwar fa?"

"Haba Alhaji, wake kake sayarwa ko zabi? Wannan ai ƙauyanci ne."

"Ajamin fa?"

"Zai cika wurin. Yanzu fili ake bari."

Ku ji fa! Bai tambayi su wa ke saye ba, bai tambayi yadda suke saye ba. Mutumin da ƙafarsa ba ta taɓa taka kasuwar Gwaram ba, shi ne ya yanke hukunci a kan abin da idon mutanen Fagam zai gane. Ya ƙara da cewa a kawar da tsofaffin buhunan duka, kada mutane su ruɗe. Ni kuma ina gefe ina gyaɗa kai kamar ƙadangaruwa.

Akwai ragowar tsofaffin buhuna a ɗakin Yaya, sababbi fil, ba a taɓa zuba musu komai ba. A wajenmu wa ke ƙona buhu mai lafiya? Ko yagaggen ma ana shimfiɗa shi a shanya kuɓewa. Da wani ɗan awo a kasuwar Gwaram ya ce yana so zai riƙa zuba kayansa, Yaya ya tattara ya ba shi kyauta, har da yi masa addu'ar Allah ya sa albarka.

Damina ta zauna, lokacin shukar wake ya yi. Ranar kasuwa na bi Yaya don in ga yadda za a yi rububin farin buhun nan nawa. Mutane suka riƙa zuwa suna juya buhun, suna ajiyewa.

"Ina mai zabuwa?"

"Shi ne wannan," in ji Yaya, "riga kawai ya sake."

Waɗanda suka san fuskarsa suka saya. Amma yawancin masu zuwa 'yan sautu ne, direbobi da masu babur, an ce musu mai zabuwa, kuma ba za su koma ƙauye da farin buhu a ce sun yi son rai ba. Sai su ce bari su zaga. Ashe a can ƙarshen kasuwa mai zabuwa yana nan jibge. Ɗan awon nan, Allah ya isa, tsohon waken ci ya samu wanda ƙwari suka gama da shi, ya tsoma a jan galura ya shanya, ya ɗura a buhunan Yaya ya ɗinke.

Ba mu sani ba sai da shuka ta ƙi fitowa. Ina Dingaya ranar da wani dattijo daga Fagam ya yi sallama a ƙofar gida, mutumin da tun ina yarinya wurin Yaya yake sayen iri, amma a wannan karon sautu ya bayar. Daga zaure nake jin su. Ya kwance bakin rawaninsa ya zube waken da ya tono daga rami, duk ya ruɓe. Yaya ya shiga yi masa bayani, farin buhu, sabon zane, kyautar da ya yi. Dattijon ya saurara har ƙarshe.

"Malam, ni ban yi boko ba. Zabuwar taka ce ko ba taka ba ce?"

Yaya ya ce, "Tawa ce, Baba."

Washegari na dira a shagon nan ko mayafi ban gyara ba. Na zazzage masa duk abin da ke cikina. Kun san abin da ya ce?

"Hajiya, ni zane na yi, kuma da bakinki kika ce ya yi kyau. Matsalar mutanen ƙauye ba sa karatu."

Na ce, "Ba sa karatu? Karatun da suka iya ai kai ka goge shi don a bar fili! Kai ne ba ka iya karanta mutane ba, da tabarau ɗinka kamar na mai walda!" Ya ɗaga kafaɗa ya koma kan kwamfutarsa. Na juya na fito, don maganarsa ta farko gaskiya ce: da bakina na ce ya yi kyau.

Ɗan awon kuwa cewa ya yi shi bai taɓa ce wa kowa irin wane ne ba, buhu dai kyauta aka ba shi. Manyan kasuwa suka zauna, aka ce a yi haƙuri. Kullum wanda aka cuta shi ake ba haƙuri, abin da ke ƙona min rai ke nan.

Yaya ya farke fararen buhunan ya bi ƙauyuka a kan babur yana raba iri kyauta ga duk wanda shukarsa ta mutu. An sake shuka, ta fito kuwa shar. Sai dai an makara, ruwa ya ɗauke waken yana fure. Gidaje da yawa a shekarar harawa kawai suka samu. Ko sau ɗaya Yaya bai ce min ke kika jawo ba, kuma da ya faɗa da na fi samun sauƙi.

Da damina ta zagayo, ina zaune a bayan rumfarsa sai ga dattijon nan na Fagam. Suka gaisa sosai, ya tambayi iyali, ya tambayi shanu, har ni ya sa min albarka. Yaya ya ɗauko buhu ɗaya ya ajiye a gabansa, ya ce wannan ba na kuɗi ba ne. Dattijon ya dubi buhun, ya tura masa shi baya a hankali.

"Na gode, Malam. Bana na ajiye nawa irin."

Ya ɗauki sandarsa ya shiga cikin kasuwa. Yaya ya mayar da buhun kan sauran, ya daɗe yana gyara musu zama alhali a daidai suke.