Garejin da Gidiyon Ya Kafa a Tsakar Gida

Shekara talatin da ɗaya Gidiyon Ashafa ya yi yana gyaran motocin wani kamfanin jimar fata a Challawa. Yana saurayi ya baro ƙauyensu na wajen Zonkwa, Kano ta riƙe shi har gashinsa ya yi fari. Manyan motocin da ke kwaso fatu daga arewa duk a hannunsa suka tsufa. Kamfanin ya yi ta ramewa a hankali, yau a rufe wannan sashe, gobe a sayar da waccan mota, har wata Litinin manaja ya kira shi ofis, ya yi masa godiya mai tsawo, ya nemi mukullin shago. Akwatin sufanunsa kaɗai ya ɗauko, don dama nasa ne.

Wata biyu yana zaune a gidansa na Panshekara. Da asuba jikinsa zai tashe shi kamar kullum, ya sa takalmi, sai ya tuna babu inda za shi. Matarsa Nasara ta gaji da ganinsa a kan kujera yana kallon kaji.

"Baban Lidiya, zaman nan shi zai kashe ka," in ji ta. "Ko mu koma gida mu yi noma, ko ka san abin yi."

"Wace gona? Ƙashin bayan nan ne zai riƙe fartanya?"

"To ƙashin bayan zai riƙe sufana?"

Da yamma ta gan shi yana auna tsakar gida da taku, daga ƙofa zuwa bakin rijiya.

Matsalar ita ce filin ba nasa ba ne shi kaɗai. A nan Nasara take da zogale da rama da gauta, shekara goma sha biyar tana yi musu ban ruwa. Ƙofar gidan kuma ko Adaidaita Sahu ba za ta shiga ba sai an rushe katanga. Kwana uku yana kewaye maganar. A rana ta huɗu ya dawo daga cocin safe ya tarar ta tuge komai da hannunta, ta tara a gefe, tana tsinke ganyen zogalen a faranti.

"Da kin bari mun yi magana."

"Ai mun yi," ta ce, ba ta ɗago kai ba.

Aka fasa katanga, mai walda ya haɗa ƙofa mai faɗi. Gidiyon ya yi sawu huɗu zuwa kasuwar Ƙofar Ruwa. Ya samo jak na ɗaga mota guda biyu na hannu, da ƙarafan da za su riƙe rumfa, da sarƙar ɗaga inji wadda tsatsa ta ci amma haƙoranta na nan lafiya. A kamfani duk waɗannan abubuwa suna rataye a bango, mutum ya miƙa hannu kawai. Bai taɓa sanin nauyinsu ba sai da ya zama shi ne mai ɗora su a mota, shi ne mai saukewa. Duk ranar da ya dawo sai Nasara ta dafa ruwa ta gasa masa ƙugu.

Ramin da ake shiga a duba ƙarƙashin mota shi ya fi ba shi wuya. Ya ce da kansa zai haƙa, don ya san tsawon da yake so. Ya fara a cikin Yuli, abin da duk mai hankali zai hana shi. Ya kai ƙugu ke nan aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, ramin ya cika fal, gefe ɗaya ya zabtare. Ya kwashe da bokiti. Bayan kwana biyu aka sake. A karo na uku ya zauna a bakin ramin, ƙafafunsa cikin taɓo, ya daɗe yana kallon ruwan kafin ya sake ɗaukar bokitin. Sai da damina ta ja baya aka jera bulo, aka yi siminti, aka ɗora kwano.

Ana cikin haka maƙwabcinsa Malam Abdulbaqi, tsohon ma'aikacin gwamnati da ke koyar da karatu a zaurensa, ya yi sallama wata safiya. Shekara ashirin suna katanga ɗaya, ko cacar baki ba su taɓa yi ba.

"Malam Gidiyon, Allah ya sa albarka a wannan aiki. Abu ɗaya ne ya kawo ni. Kwatarku ta ƙofata take bi. In baƙin mai ya fara gangarowa, masu zuwa karatu a nan suke alwala."

Gidiyon ya ji kunya, don bai yi tunanin haka ba sam.

"Kun yi gaskiya, Malam. Ku ba ni mako ɗaya."

Wani haƙan ke nan. Ya yi ƙaramin rami a bayan rumfa, ya binne durom, ya juya bakin kwatar. Da ya gama ya sa aka rubuta masa allo, ya kafa a ƙofa, ya jera sufanu a jikin katako kowace da ƙusarta, daga babba zuwa ƙarama. Ya tsaya ya duba. Ya yi zaton zai ji daɗi, sai ya ji barci kawai yake ji.

Motar farko ta wani ɗan cocinsu ce, sabuwar yayi, wata fitila ta kama a gaban direba ta ƙi mutuwa. Gidiyon ya buɗe gaban motar ya ga roba ta rufe komai, wayoyi kamar jijiyoyi. Ya kasa kunne. Injin bai gaya masa komai ba. Shi da yake gane ciwon babbar mota tun tana shan kwanar kamfani, yau ga shi tsaye kamar baƙo. Ya rufe a hankali.

"Ɗan'uwa, wannan sai masu kwamfuta. Ka kai ta Bompai, kada in ɓata maka."

Mutumin ya yi godiya ya tafi. Ranar nan Gidiyon bai ci tuwon kirki ba. Aka yi mako uku babu wanda ya leƙo sai masu neman a ba su iska a taya. Kaji suka mai da ramin wurin shan inuwa.

Wata Laraba da hantsi sai ga wani mutum gumi sharkaf, ya ce sunansa Idi, direban bas ne mai kwasar ma'aikata daga ƙauyuka zuwa Sharada. Motarsa ta mutu a bakin titi, tsohuwa ce mai shan gas, kanikawa biyu sun duba sun ce a sayar da ita a kilo.

"Wani mai shayi ne ya ce in zo wajenku, Baba. Ya ce in ba ku gane ta ba, to ta gama."

Aka turo ta har cikin rumfa. Gidiyon ya ce a tayar, ta yi tari sau biyu ta yi shiru. Wannan harshen ya san shi.

"Famfon mai ne," ya ce. "Sai kuma kan inji, ya sha wuta."

Ya sauka ramin. Nan ya gane abin da bai gaya wa kowa ba: hannun dama ba ya damƙa kamar da. Ya kama noti, ya ja, yatsun suka saki, sufana ta faɗi. Ya sake, ta sake faɗuwa. Idi yana tsugune a sama yana kallo, shi ma ba yaro ba ne, furfura ta fara masa.

"Baba, ku nuna mini, ni in ja."

Gidiyon ya matsa gefe.

"Sauko. Kama nan. A'a, ba da ƙarfi ba, za ka karya. Ja kaɗan, ka tsaya."

Aikin da a da yake gamawa kafin la'asar, kwana uku ya ci. Da motar ta tashi, hayaƙi ya cika gidan har Nasara ta fito tana kore shi da mayafi, Idi yana ta dariya yana dukan sitiyari. Gidiyon dai ya jingina da ƙarfen rumfa yana goge hannu da tsumma, yana jiran numfashinsa ya dawo.

Daga nan labari ya bi bakin direbobi. Ba cika garejin yake ba. Mota biyu a mako, wani lokaci ɗaya, duk tsofaffi, daga Sharada, daga Dakata, irin waɗanda aka fid da rai da su. Sharaɗinsa ɗaya ne, mai mota ya zo da shirin shiga rami. Wasu suna jin haka su juya. Waɗanda suka tsaya suna tafiya da abin da ba su sani ba game da motarsu.

Bara ne Lidiya, 'yarsu da ke aikin jinya a Kaduna, ta zo ta kai shi asibiti da ƙarfin tsiya. Likita ya ce jijiya ce, ya daina ɗaukar nauyi, ya daina duka da ƙarfe. Gidiyon ya ce to. Washegari ya nemi babbar gudumarsa ya rasa. Ya duba ƙarƙashin benci, ya duba cikin rami, ya tambayi Nasara, ta ce ita me ya haɗa ta da guduma.

Bayan sati guda ya shiga gaida Malam Abdulbaqi, ya hango ƙotar gudumarsa a bayan tulin littattafai. Malam ya ga ya gani. Suka gaisa, suka yi maganar tsadar gas da ruwan da ya ƙi zuwa da wuri, Gidiyon ya tashi ya koma gida. Akwai bas ɗin da ke jiransa da matsalar birki, direban ya riga ya tuɓe riga.