Tsohuwa Mai Gwada Awarwaro da Haƙori

A kasuwarmu ta Bida, wata tsohuwa ce tsugune gaban tiren Tsado mai awarwaron gilashi. Ɗankwalinta ya zame, ita ko a jikinta. Ɗauka take ɗaya bayan ɗaya, ta rufe ido, ta ƙwanƙwasa a haƙorinta na gaba.

"Kwalbar lemo," in ji ta. "Wannan kuma ta maganin tari. Ɗan nan, bola kake sayarwa?"

"Nna, kada dai ki cinye mini kaya!"

Sai ga hannunta cikin tarkacen da Tsado ya ware za a mayar wuta. Ta zaro wani baƙi mai kaushi. Ƙwas! Ta miƙe zumbur kamar budurwa.

"Wannan ba kwalba ba ne! Yashi da kanwa ne, narkin mutanen da! Shi za ka jefa wuta?"

Ina jin a gidan masu narka gilashi ta tashi. Ga ta can tana ɗaga shi sama, tana guɗa.

Tsado ya faki idon mutane, yana gwada wani a nasa haƙorin. Bai ji komai ba.