Sanarwar Rasuwar Da Na Ƙi Kaiwa

Kano, Laraba

Na bar gida bayan sallar asuba, ni da Yaya Habu da zai kai ni filin jirgi. A ƙofar gidanmu an riga an shimfiɗa tabarmin makoki. Ƙanenmu Sani, direba ne a Riyad, ya bugo waya ya ce ya riƙe hannun 'yarsa Hanan, mai shekara bakwai, bai ji bugun jini ba. Tana kwance a asibiti, injin da aka sa mata kaɗai ke aiki.

"Ke da kika yi aikin rediyo, ke ya kamata ki kai sanarwar rasuwa," in ji Yaya Habu.

"Wane likita ya ce ta rasu?"

"Uban yarinya ya faɗa, Binta. Taurin kan naki har da mutuwa?"

"Ban taɓa karanta labarin da ban tabbatar ba, Yaya. Ba zan fara a kan jinina ba."

Bizar Umara da na tanada, ita na shiga jirgi da ita.

Jidda zuwa Riyad

Na sauya jirgi a Jidda, na sauka Riyad gab da magariba. Isuhu, maƙwabcin Sani, mutumin Maraɗi mai aiki a kasuwar kayan gwari ta Aziziya, shi ya ɗauke ni a motar dakon kankana.

"Hajiya, gaisuwa zan yi miki ko sannu da hanya?"

"Sannu da hanya ta wadatar."

A ɗakin Sani na kwana. Shinkafar kabsa, abincin Larabawa, da aka kawo ta huce ba wanda ya taɓa. Sani ya ce dattawan gida sun matsa masa ya sa a cire injin, kada a wahalar da gawa. Na ce ba abin da za a cire sai na gani da idona.

Asibiti, Alhamis

Muka wanke hannu, aka ba mu riguna, muka shiga. Bututu biyu masu kauri sun fito daga jikin Hanan: jinin da ke cikin ɗaya ya yi duhu, na ɗayan ja ne jawur. Likitar da ke kula da ita ta yi bayani da Larabci, Maryam uwar yarinyar tana fassara mini. Ƙwayar cutar mura ce ta kumbura tsokar zuciya har ta kasa turo jini. Injin yana janye jinin, ya sa masa iska, ya mayar, don zuciyar ta huta. Shi kuwa inji ba ya bugawa, kwarara yake yi, shi ya sa Sani bai ji komai a hannunta ba. Ta nuna mana hoton zuciyar a allo, tana motsi kaɗan-kaɗan. Ba ta yi mana alkawari ba.

Daga bakin ƙofar na kira gida.

"Yaya, a naɗe tabarmin nan."

"Mutane fa sun taru."

"A ba su ruwa su tafi. Rai na Allah ne, kuma bai karɓa ba tukuna."

Cikin mako na biyu Sani ya sake riƙe hannun. Ya daɗe bai saki ba, don wannan karon ya ji bugun jini. Bayan kwanaki aka cire bututun. Da ta farka, "moya" ta fara cewa, wato ruwa, don Larabcinta ya fi Hausarta.

Komawa

Na yi Umara a hanya, na sauka Kano da hantsi. Ina godiya ga Allah, da likitocin, da Isuhu da bai gaji da kai mu asibiti ba. Hanan tana shan magani, ana duba zuciyarta a kai a kai. Tabarmin suna jingine a zaure. Da su aka yi walimar dawowarta makaranta.