Mutanen da Aka Kulle a Siton Kwakwa

Ba a daɗe da samun mulkin kai ba, ina zaune a Diyobu, cikin Fatakwal, ina sayar da tuwo a ƙofar gida. Maigidana mahauci ne, mahaifiyarsa kuma, wadda muke kira Inna, tana tare da mu. Maƙwabciyarmu Inyamura ce, garin rogo take kaiwa bakin jirgin ruwa. Wata Asabar da hantsi ta dawo ko kwandonta ba ta sauke ba, ta ce mini da Turancin buroka an kulle wasu mutane a wani sito, ta ji wata a ciki tana kuka da yarenmu.

Inna ta ce in kwashe tuwon da ke tukunya mu tafi.

Siton na ajiye kwakwar manja ne, rufin kwano, ba taga sai wata ragar ƙarfe a jikin ƙofa. Tun daga nesa wari ya tare mu. Da na leƙa sai na ga mutane zube a kan siminti, maza da mata da yara, ga bokiti ɗaya a lungu ya cika ya malala. Ɗan sandan da ke gadi mutumin Arewa ne. Ya ce daga Kamarun Faransa suka gudo a kwalekwale, soja na ƙona musu garuruwa. Ba su da fasfo, don haka aka tsare su har jirgi ya zo ya mayar da su.

Wata mata ta matso jikin ragar, rungume da yaro a zane. Na miƙa mata tuwo, ba ta ko kalle shi ba.

Da wata irin Hausa ta ce, "Baiwar Allah, ba abinci nake so ba. Ƙyalle fari nake so."

Inna ta ce, "Me za ki yi da shi, 'yar nan?"

Sai ta buɗe zanen. Yaron ya rasu tun jiya. Fuskarsa har ta fara kumbura, tana ta kore masa ƙuda da hannu. Na zauna a ƙasa, kwanon yana hannuna.

Inna ta juya wajen ɗan sandan. "Ɗana, gawa ce fa. Buɗe."

Ya ce, "Wallahi Inna, makulli na wajen oga, shi kuwa sai Litinin." Yana faɗa yana kallon takalminsa.

Inna ta tura ni mahauta da gudu. Na sami maigidana yana fiɗa, na faɗa masa a gaban kowa. Sarkin fawa ya ajiye wuƙarsa, sauran ma suka ajiye. Haka suka taho da jini a rigunansu, suka bar nama a rataye, suka zauna a ƙofar siton. Maƙwabciyarmu ta kira matan kasuwa 'yan'uwanta, su ba zama suka yi ba, kwano suka riƙa bugawa suna ihu. Kafin la'asar sai ga ogan a mota, da kayan wasan ƙwallo a jikinsa. Da ya buɗe ƙofar, shi kansa sai da ya toshe hanci ya ja da baya.

A nan muka gane matar Kirista ce, Hausar a wajen maƙwabtanta na Duwala ta koya. Ba wanda ya tashi don jin haka. Inna ta yi wa yaron sutura da farin mayafinta, mahauta suka haƙa kabari a bayan cocin maƙwabciyarmu, fada, limamin cocin, ya yi addu'arsu. Uwar ce kaɗai aka bari ta je, da ɗan sanda a bayanta. Mijinta yana cikin siton.

Ƙanin mijin maƙwabciyarmu lauya ne. Ya yi ta zirga-zirga yana cewa mutumin da ya gudo wa kisa yana da haƙƙin a saurare shi gaban alƙali kafin a kore shi. Aka ce an ji. Mata da yara aka sako, sarkin fawa ya tsaya musu, aka rarraba su gidaje. Matar nan ɗakin Inna ta sauka. Kullum tare muke kai wa mazan abinci, mijin ya zuro yatsu ta raga ta riƙe.

Ranar da aka ce za a kai su kotu, mun isa da tuwo muka tarar da ƙofa a buɗe, wani lebura yana wanke siminti. Ya ce tun da safe aka zuba su a jirgi. Matar ta shiga ciki, ta zagaya siton kamar mai neman wani abu da ya faɗi, sannan ta fito ta tambaye ni ko akwai wani siton.

Ta yi damina biyu a wurinmu, tana taya ni tuwo. Daga baya yayar maigidana, mai auren wani ɗan kasuwar goro a Anaca, ta tafi da ita, ta sama mata keken ɗinki. Duk direban da zai yi gabas sai ta tare shi a tasha ta kwatanta masa mijinta, dogo, mai wushirya. Har muka bar Fatakwal ba wanda ya kawo mata labari.