Hular Da Na Ajiye A Ruga

Edita, ina yi maka sallama, kai da masu karatu. Ni tsoho ne yanzu, idona ya yi rauni, wasiƙar nan ma a hankali na rubuta ta, shafi ɗaya yau, ɗaya gobe. Ba zan ambaci sunan kowa ba, har da nawa. Waɗanda abin ya shafa sun san kansu, da yawansu kuma sun riga mu gidan gaskiya.

Gab da soja za su miƙa mulki na dawo gida ƙasar Gummi, bayan shekaru masu yawa ina yawon fatauci. Na sayar da goro a Kumasi, na yi dillancin shanu a arewacin Kamaru, na zauna a Sudan a hanyata ta zuwa hajji har na kusa zama ɗan can. Na dawo da Fillanci da Larabci da Turanci da ɗan Faransancin kasuwa, amma ban dawo da wata dukiyar kirki ba. Abin da na tarar yana jirana shi ne gadon mahaifina. Malamin allo ne, kakanninsa daga Barno suka zo, sai dai an fi saninsa da sulhu. Daga Gummi zuwa Bukkuyum har Anka, in shanu suka shiga gona, ko aka fasa wa wani kai a mashaya, shi ake aika wa. Da na dawo aka ga ina jin harshen kowa, sai aka shiga aiko mini kamar yadda ake aika masa.

A lokacin ƙasar nan daban take. Nakan hau tsohon babur ɗina in bi ta Gwashi in shiga daji ni kaɗai, ba abin da nake tsoro sai taya ta yi faci. Ranar kasuwar Bukkuyum za ka ga matan Fulani sun jero da ƙoren nono a ka, suna ciniki suna tsokanar mahauta. Bayan girbi manomi ne ke roƙon makiyayi ya sauka a gonarsa don taki, har ya haɗa masa da damin gero. Ban ce ba a faɗa ba, ana yi, wani lokaci har da jini. Amma gindin tsamiya ɗaya da tabarma biyu sun isa su kashe shi kafin la'asar. Yau hanyar da nake bi ni kaɗai, ko da rakiya mutum sai ya bar wasiyya.

Sulhun mahaifina yana da ƙa'ida guda da ba ya sassautawa. Ba ya ɗaukar roƙo don mutumin da bai zo da ƙafarsa ba. Mai laifi zai biyo bayan dattawa, a shimfiɗa musu tabarma, shi ya zauna a ƙasa gefe guda, ya faɗi abin da ya aikata da bakinsa a gaban waɗanda ya cuta. Sai bayan haka, in abin ya yi nauyi ƙwarai, babban dattijo ya cire hularsa ya ajiye a gaban mai haƙƙi. A wajenmu ba a barin hular mai furfura a ƙasa. Wanda aka ajiye wa dole ya ɗauka ya miƙa, ɗaukar nan kuwa ita ce yafiya. Sau uku kacal mahaifina ya yi haka a rayuwarsa. A Sudan ma na ga irin wannan: dattawansu ba sa buɗe baki a zaman sulhu sai dangin mai laifi sun amsa cewa nasu ne ya yi. A zangon Kumasi haka. Ko'ina na je, amsa laifi ne a gaba, roƙo a baya.

Ina da aboki, wani Arɗo, sa'ana ne. Tun muna yara mahaifinsa ya kawo shi zaurenmu ya yi karatu. Saboda wasan Fulani da Barebari, bai taɓa kirana da suna ba sai bawansa. In ya hango ni a kasuwa sai ya ɗaga sanda ya ce a kama masa bawan nan da ya gudu har Sudan, ni kuma in tambaye shi ko har yanzu saniya ce ke yi musu limanci a ruga. Mutane su yi ta dariya, mu samu inuwa mu dama fura.

Bayan siyasa ta dawo, wani kansila, ba zan faɗi na wace ƙaramar hukuma ba, ya share burtali, wato hanyar shanu, ya haɗa da gonarsa. Ƙanen Arɗo, magidanci mai 'ya'ya huɗu, ya biyo da garke ta inda kakanninsa ke bi. Kansila ya sa aka kama shi aka ɗaure a jikin itace da tsakar rana, aka yi ta dukansa, kansilan ma da hannunsa, a gaban masu yi masa noma. Kwana uku mutumin ya yi ya cika. Samarin ruga suka ɗauko sanduna da adduna, Arɗo ya tare su, ya hawo doguwar hanya ya zo wurina. Ni ne na ce masa zamani ya sauya, yanzu doka tana aiki a kan kowa, ya kai ƙara. Ni na raka shi, ni na yi masa tafinta.

Da farko kamar maganata za ta tabbata. Ɗan sandan da ke gabatar da ƙarar baƙo ne a ƙasar nan, da Turanci muke magana da shi, mutum ne da ba ya kallon rigar kowa. Manoma biyu, Hausawa, daga cikin waɗanda aka yi abin a gabansu, suka fito suka ba da shaida. Alƙali ya hana beli. Kansila ya kwana gidan yari. Ranar da aka kawo shi kotu mutane sun bar kasuwa sun cika harabar, don kawai su ga mai muƙami a tsaye yana amsa tambaya. Na tuna Arɗo ya juyo ya ce da ni ashe bawa ma yakan faɗi gaskiya wata rana.

Sai zaɓe na biyu ya ƙarato, kansila kuwa shi ke riƙe da ƙuri'un yankinsa. Cikin mako guda aka yi wa mai gabatar da ƙara canjin wurin aiki. Aka kira fayil ɗin zuwa babban birnin jiha, wai lauyoyi za su duba. Aka riƙa kai wa shaidu ziyara, har ɗayansu ya tafi cin rani ana tsakiyar damina. Abin da ya rage musu shi ne alƙali, wanda ya kafe cewa ba zai saki mutumin ba sai in masu jini sun yafe da bakinsu. A nan ne aka tuna da ni.

Manya uku suka zo da hantsi a mota mai tutar jam'iyya. Suka ƙi hawa tabarma, suka zauna a ƙasa a zauren mahaifina, suna Baba kaza, Baba kaza. Da zan iya cewa sun saye ni ko sun tsorata ni, da zuciyata ta fi sauƙi. Yabo kawai suka yi mini. Suka ce duk ƙasar nan ba wanda Fulani ke jin maganarsa sai ni, suka ce in aka yanke wa kansila hukunci mutanensa za su ƙona rugage, suka yi alkawarin buɗe burtali kafin wata damina. Na tambaye su ko za a fito da shi ya biyo ni, ko da rakiyar 'yan sanda. Babbansu ya yi murmushi ya ce, "Baba, mai muƙami ba ya zamnawa ƙasa gaban Hillani. In kai ka tahi, awa shi ne yat tahi." Da na shiga gida na tarar Innata, wadda tsufa ya riga ya zaunar amma kunnenta garau, ta ji komai. Ba ta ɗago kai ba ta ce, "Malam bai taɓa kai hulatai wurin da mai laihi bai taka ba." Na ce mata zamani ne ya zo da haka.

Na lallashi kaina da karatun da na yi. Na san a fiƙihunmu, ko masu jini sun yafe, hukuma na da nata haƙƙi, akwai bulala da ɗaurin shekara. Na ce wa raina ai ba zai tafi a banza ba, ga burtali za a buɗe, ga rayuka za a tsare. Gaskiyar kuwa ita ce na ji daɗi manya sun zauna a ƙasa a gabana.

Da safe na isa ruga, an gama tatsa. Arɗo ya taso yana dariya, ya buɗe baki zai fara tsokanar da ya saba, sai ya ga ƙunshin goro a bayan babur. Dariyar ta tsaya. Ya sa aka shimfiɗa tabarma, aka kawo nono, dattawan ruga suka kewaye. Ya leƙa hanyar da na biyo, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ina shi?" Na ce yana tsare, amma shi ya aiko ni. Ƙarya ce. Ban taɓa magana da mutumin ba ko sau ɗaya. Na shiga zuba da Fillanci, na kawo ayoyin afuwa, na kawo zaman tare, na kawo burtali. Ina jin motsin matar mamacin a bayan bukka. Na zauna da Fulani a ƙasashe uku, na san abin da suke kira semteende, kunyar nan da ke hana mutum nuna zafin mutuwar ɗan'uwansa, ta kuma hana shi kunyata babban baƙo a gaban jama'a. Da sanina na taɓa wurin nan. Na cire hulata na ajiye a gaban Arɗo.

Dattawan suka kau da kai. Ban san tsawon lokacin da hular ta yi a ƙasa ba, amma har yau ina ganin tururuwar da ta hau gefenta. Daga ƙarshe Arɗo ya sunkuya ya ɗauka, ya kakkaɓe, ya miƙo mini da hannu biyu. Ya ce, "Alhaji, na ɗauka don Malam da ya koya mini Fatiha. Kada ka sake kawo ta nan." Tun muna yara ranar ce ta farko da ya kira ni Alhaji. Diyya ma ya ce ba ya so. Washegari aka kawo takarda da Turanci cewa dangi ba su da ƙorafi a kan kowa. Ni na fassara masa, ya dangwala yatsa bai dube ni ba.

Babu bulala, babu shekara. Da takardar nan aka haɗa wasiƙa daga sama aka rufe shari'ar gaba ɗaya, ba da daɗewa ba kuma aka ɗauke alƙalin. Kansila ya dawo da jerin gwanon motoci da makaɗa, ta tsakiyar kasuwa, aka ba shi takarar kujerar da ta fi tasa, ya kuma ci. Burtali ya zauna gona. Na yi ta sintiri wurin manyan nan uku, waɗanda suka zauna a ƙasa a zaurena, yanzu ni ake bari a kan benci har azahar sannan a ce sun fita. Bayan kaka Arɗo ya tashi da mutanensa suka yi kudu, bai yi mini sallama ba. Shekaru bayan haka wani dillalin shanu ya ba ni labarin rasuwarsa a wata ƙasa mai nisa. Ban samu na roƙe shi gafara ba.

Ba na cewa abin da ya samu ƙasarmu daga baya daga hulata ya fara. Dalilai suna da yawa, wasu sun fi ƙarfin sanina. Na dai san abin da na gani. Mutum ya hana samarinsa ɗaukar fansa, ya bi shawarata ya je inda doka ta ce a je, aka bi ta kan mai gabatar da ƙara, aka bi ta kan shaidu, da alƙali ya gagara sai aka bi ta kan abotarmu. Samarin da ya tare ranar nan suna tsaye suna kallo lokacin da ya sunkuya.

Ina kira ga dattawa da malamai da duk wanda Allah ya ba furfurar da ake jin kunya. Masu mulki in nasu ya yi laifi ba kullum suke zuwa da barazana ba. Sukan zo da ladabi su ari mutuncinka su kashe shari'a da shi, in sun gama ba za su dawo maka da shi ba. Yafiya alheri ce, amma haƙƙin wanda aka cuta ce, kuma bayan an amsa laifi take zuwa. In aka zo maka da roƙo don mai muƙami, ka yi tambayar da abokina ya yi mini: ina shi? In an ce ya fi ƙarfin zuwa, ka bar hularka a kanka, ka bar kotu ta yi aikinta.

Tawa hular tana nan a ƙasan akwati, ban sake sa ta ba. Daga shekarar nan ba wanda ya ƙara aiko mini daga ruga, kuma Fulanin yankin nan ba su sake kai ƙarar mai muƙami kotu ba.