Gidan da Aka Cire wa Zaure

A zauren wani tsohon gida da ke bayan kasuwar Sabon Birni na fara koyon rubuta sunana, furfura ta riga ta fito mini a gemu. Dukanmu manya ne, manoma da masu awo da wani Bafulatani mai sayar da awaki. Bayan la'asar muke taruwa, malaminmu ya jingina baƙin allo da bango. Zauren na ƙasa ne, rufin azara, ko a tsakiyar bazara sanyi gare shi kamar cikin randa. Mai gidan, wani tsoho, don Allah ya ba mu wurin.

Da tsohon ya rasu magada suka sa gidan a kasuwa, ɗan gwaggona ya saya. Taya yake sayarwa a Sakkwato. Ya taɓa leƙa Abuja, tun daga nan bai sake kallon ginin ƙasa da mutunci ba. Bai ɓoye nufinsa na mayar da gidan na haya ba: mutanen ƙauyukan wajen Tsamaye da Kurawa sun cika gari saboda rashin zaman lafiya, kowa na neman inda zai ajiye iyali. Mu muna ganin masifa, shi kasuwa ya gani ta buɗe.

Na same shi na roƙe shi ya yi duk abin da yake so da cikin gida, ya bar mana zauren, don ba mu da wani wuri.

"Taubashi, wanga kogon kake so in bari?" in ji shi. "Gemu har ƙirji kana haɗa baƙi! Bari, za ni yi muku aji mai fanka."

Fanka, a garin da ake mance kalar wutar lantarki.

Ya kwaso magina daga Isa. Suka zare azarar da ta girme shi, ya sayar wa mai gashin burodi. Suka rushe rumbu, suka sare bishiyar tsakar gida don ganyenta zai ɓata tayil ɗin da za a shimfiɗa a ƙasa. Aka ɗora kwano shuɗi, aka shafa fenti mai kashe ido. Zauren kuwa suka baje shi, aka yi shaguna biyu a gefe, a tsakiya aka kafa ƙofar ƙarfe mai sanduna. Ya ce da gangan ya yi, don mai wucewa ya hango tayil ɗinsa daga titi.

Mu muka koma gindin wata bishiya. Damina ta faɗi, yau ruwa ya kore mu, gobe laka. Bafulatanin ya daina zuwa, wasu suka bi shi. Ni kaina baƙaƙen da na sha wuya na kama suka fara zame mini.

Ina wurin ranar da wani dattijo daga Kurawa ya zo duba gidan, yana da mata da surukai. Ya tsaya a titi, idonsa ya wuce sanduna, ya ratsa tsakar gida har ƙofar makewayi. Ya tambaya ina baƙo zai tsaya ya yi sallama. Ɗan gwaggona ya shiga nuna masa fenti da tayil.

"Alhaji," in ji dattijon, "tayil ɗin ga shi za shi suturta mini iyali?"

Ya juya ya tafi. Haka duk masu iyali suka riƙa yi. Mutumin da ya baro gonarsa da shanunsa, sutura kaɗai ta rage masa, ba zai biya haya a shanya matansa a bakin hanya ba. Ɗan gwaggona ya ce ƙauyanci ne. Ƙauyancin ya bar masa gida, ƙadangaru na zamiya a kan tayil.

Bayan kaka ya sa aka kafa rumfar zana a gaban ƙofar ƙarfen, daidai inda zauren yake a da, ta tare idon titi. Ya aika wa malaminmu cewa mu dawo mu zauna, don a ga gidan da mutane. A masallaci kuwa ya shaida wa jama'a cewa ya gina wa ilimi aji.

Muka dawo, me za mu yi. Bafulatanin ma ya dawo. Ina zama a inda na saba, sai dai yanzu in an yi ruwa yana ɗigo mini a wuya. Fankar ban tambaye shi ba.